Gyaɗa Bakwai da Suna Ɗaya

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai an tayar da zancen wasan Nafisa, kuma duk wanda ya ɗauko labarin sai ya ce wai tarko aka ɗana mini na faɗa ciki. Har jikokin da ba su san damansu da hagunsu ba a lokacin sun haddace shi haka, suna ba ni labarin kaina suna dariya. To ku saurara, ni ce mai abin, kuma da raina. Babu wanda ya yi mini wayo a gidan nan, balle Nafisa, autar da na yi wa wanka da hannuna. Da idona biyu na shiga, ga kuma yadda aka yi.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu kuke ji kamar almara. A Bungudu aka haife ni, gidan manoma, kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi ya fasa baki sai dai wata ta ɗaga shi. Kunya ke nan, haka muka taras. Ni kuwa tawa ta zo ninki biyu, domin da na haifi yayarku a nan Gusau sai Malam, babanku, ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Sunan 'yar fari, kuma sunan suruka! Ina bakin da zai ɗauka? Kowa a gidan ya koma ce mata Ummi, ni ko Ummin ma ban iya ba. Da aka yaye ta, yayata Kulu ta zo daga Tsafe, ita da Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ta ta tafi da ita riƙo. Na taya ta ɗaure zanen goyon, na raka su bakin zaure ina murmushi, na dawo na shige ɗaki na yi kukana babu wanda ya ji. A Tsafe ta girma. Yaya Kulu take kira Inna, ni kuwa Hajiyar Gusau, kuma a duk duniya Yaya Kulu ce kaɗai ke kiran ta da sunanta na yanka. In ta zo hutu, sai dai in ce "ke", ko in ce "a miƙa wa waccan". Nakan ɓoye mata tsoka mafi girma a ƙasan tuwo, ina ganin ai za ta gane.

Ashe ba ta gane ba. Shekarar da nake ba ku labari tana da arba'in da ɗaya, malamar makaranta ce, an mayar da mijinta aiki Fatakwal, ita kuma sai ta yi wani kwas na wata uku a Gusau kafin ta bi shi. A nan gidan ta sauka. Ban taɓa samun ta wata uku a jere ba tun tana shan nono, murna kamar ta kashe ni, amma ko a fuska ban nuna ba. Kwananta huɗu, ina tankaɗe a bayan madafa, na ji Nafisa tana tambayar ta ko za ta riƙa zuwa hutu.

"Tsafe dai," in ji ta. "Mi zan zo yi Gusau? Wurin matar da ko sunana ba ta iya faɗi? In ta mutu na zo gaisuwa."

Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo. Rariyar ta tsaya a hannuna. Na san in wata ukun nan ya ƙare ban yi wani abu ba, na rasa ta ke nan, kuma ban san ta inda zan fara ba.

A makon ne Nafisa ta fito da wasanta. Can jami'a ta koyo shi. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro bayan la'asar, ta ajiye ƙaramin tebur, ta baza wata takarda da ta zana taswira a kai, da wani ƙaton dutse a tsakiya irin na Kwatarkwashi da muke wucewa in za mu Tsafe. Ƙasar Bayan Dutse ta sa wa wurin. Ta ce kowa zai zaɓi mutum ɗaya ya zama shi a cikin labari, ita za ta ja labarin, mu kuma mu faɗi abin da mutanenmu za su yi, in abin mai wuya ne a jefa wata ƙwaya irin ta lido amma mai fuska ashirin, ita za ta raba gardama. Duk lafiya lau, har ta ambaci sihiri. Malam yana kan kujerarsa yana sauraron rediyo, sai ya kashe.

"A'uzubillahi! Mi kika ce? Sihiri, cikin gidana?"

"Baba, ba na gaske ba ne, ko kusa," in ji Nafisa. "Tatsuniya ce mai doka. Kowace duniya da aka ƙirƙira don wasan nan tana da wani ƙarfi da ya wuce na hannu, kuma kafin a fara sai masu wasa sun amsa tambaya uku. Daga ina ƙarfin yake zuwa, me mutum yake rasawa in ya taɓa shi, me kuma ba ya iyawa. A wata duniyar karatu ake yi a same shi, a wata gadonsa ake yi, a wata kamar rijiya yake, ka ɗiba ya ƙafe, ka kwana ya dawo. In ba a yi masa iyaka ba, mai shi ya ɗaga hannu ya gama komai, labari ya mutu. Namu kuwa ba mu yi masa doka ba tukuna, ku za ku yi."

Malam ya shafa gemu. Ya ce ba a kiran aljani a gidansa, ba a aza ko kwabo, kuma ladan na buɗe baki a naɗe tabarma. Sannan ya jawo kujerarsa kusa, wai don ya sa ido. Sa ido! Duk Asabar muke yi, kuma kafin ta biyu ya zama bafatake mai jaki a cikin wasan, yana rigima da Nafisa a kan nawa jakinsa zai iya ɗauka.

Ni na ba da doka ta farko, kuma ni na raɗa wa ƙarfin suna. Na ce 'yar manoma ba ta yarda da abin da ke faɗowa haka kawai ba. A kira shi lema, wato danshi, tana kwance ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ya ja ta a nan ya yi aikinsa, to rijiyar wasu ta ja baya a can. Nafisa ta buga tsalle ta ce wallahi ko a littattafan wasan ba ta ga irin wannan ba. Ta ɗebo gyaɗa ta ba kowa bakwai, ta ce ita ce lemarsa, ƙaramin aiki ƙwaya ɗaya, babba uku, kuma ba ta dawowa sai mutuminka ya yi wa wani ƙauye aikin gayya. Malam ya ce lema ba ta tayar da matacce, wannan na Allah ne ko a tatsuniya. Bashir, ɗana na uku, wanda ya zaɓi zama maharbi, ya ce shi dai a bar shi ya riƙa ɓacewa, aka ce ba doka ba ce wannan. Saura yayarku. Tana zaune can gefen tabarma tana duba takardun kwas ɗinta, kamar ba ta tare da mu. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Lema ba ta warkar da baƙo. Duk wanda za a yi wa magani da ita, sai mai maganin ya kira sunansa da baki, kowa ya ji."

Nafisa ta rubuta. Ta tambaye ta wa za ta zama, ta ce mai mashi, mai tsaron ayari. Wane suna za a sa mata?

"Nawa na yanka. Ya daɗe bai yi aiki ba a garin nan."

To a nan ne kuke ɓata labarin. Kuna cewa na riga na zaɓi zama mai magani kafin a yi dokar. Ƙarya ce, ku tambayi littafin Nafisa, yana nan. Ni ce ta ƙarshe da aka tambaya. Na ji dokar da kunnena, na ji sunan da ta zaɓa, na san sarai inda aka dosa, sannan na buɗe baki na ce ni tsohuwa ce mai magani, sunana Gwamma. Malam ya dube ni ta saman tabarau.

Kai, mun sha dariya a Asabar ɗin nan! Ban taɓa sanin gidana yana da surutu haka ba. Labarin shi ne wani azzalumi, Sarkin Fari, yana jan lema ba awo, ƙauyuka suna bushewa, mu kuma muna neman kogon da yake ɓoye. Rana ta farko Malam ya shagala da gardama, hannunsa yana kai wa baki, sai da kura ta tare jakinsa ya nemi lema ya tarar ya cinye gyaɗa shida. Nafisa ta ce abin da aka ci an ci. Ya yi rantsuwa biyar ya ci, Bashir ya ƙirga masa ɓawon. Wata rana Bashir ya kashe gyaɗa uku ya daskarar da kogi muka tsallake, muna ta yi masa kirari, mako na zagayowa muka isa wani ƙauye muka tarar rijiyarsu ta ƙafe ƙaf, mata suka biyo mu da muciya. Malam, da ya yi shekara talatin a ma'aikatar gona, ya tsayar da wasa ya yi wa Bashir huɗuba a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa har shayi ya huce. Daga ranar kowa ya riƙa juya gyaɗarsa a hannu kafin ya ajiye, yana tambayar rijiyar wa za ta sha wuya. Yayarku kuwa, ashe haka take! Ta iya kwaikwayon murya, ta iya tsokana, in ta yi dariya sai ta riƙe ciki, irin dariyar mahaifiyata sak. Shekara arba'in ban sani ba. A cikin wasa Gwamma tana yi wa mai mashi faɗa, mai mashi tana ce mata tsohuwa mai tsoro, muna cacar baki son ranmu, abin da ni da ita ba mu taɓa yi ba. Ana naɗe tabarma sai mu koma ke da Hajiyar Gusau.

Maganin kuwa na yi ta zillewa. Na kira sunan maharbi na warkar da shi, na kira na bafatake, har jakinsa sai da na yi wa. Amma in mai mashi ta ji rauni, kuma kullum ita ke faɗawa gaba da gangan, sai Gwamma ta tuna ta bar jakarta a baya, ko ta ce a ɗaure da tsumma. Malam ya gane halin da nake ciki. Bafatakensa ya samo wata gorar maganin dafi mai sha uku, wadda ba ta bukatar lema balle suna. Sau biyu yana fid da ni kunya da ita. Duk sanda ya miƙa gorar sai yayarku ta ce "Na gode, Baba," ta dubi taswira, dariyar ta ɗauke.

Asabar ta ƙarshe, ana jibi za ta tafi, Yaya Kulu ta iso daga Tsafe don sallama. Ta zauna kan kujera 'yar tsugunno da carbinta, tana kallonmu tana taɓe baki.

"Ikon Allah. Da furfurarku kuna wasan ƙasa. Wanga gida dai sai addu'a."

Mun kai bakin kogon Sarkin Fari. Mai mashi ta tsaya ta tare ƙofa ita kaɗai don mu wuce, aka jefa ƙwaya, kibiya mai dafi ta same ta a ƙirji. Nafisa ta ce numfashi uku ya rage mata. Na ga hannun Malam ya nufi takardarsa inda aka rubuta gorar, saura sha ɗaya. Na sa ƙafa ƙarƙashin tebur na taka tasa, da ƙarfi kuwa, har ya ce wash. Ya janye hannu. Gyaɗa bakwai cif gare ni ranar, na tura su duka tsakiyar taswira, ban tambayi rijiyar kowa ba. Ga mijina, sunan uwarsa ne. Ga yayata da ta raine ta. Ga 'ya'yana sun zuba mini ido. Wallahi haihuwarta ba ta ba ni wuya haka ba. Na motsa leɓe, abin ya fito kamar raɗa.

"Hajiya," in ji Nafisa, "doka ta ce kowa ya ji."

Na ɗago kai na dubi 'yata ido cikin ido, abin da rabona da yi tun tana zanen goyo.

"Saratu," na ce. "Saratu, tashi."

Ai kuwa sai ga hawaye, nata da nawa da na Bashir, ƙato da gemunsa. Amma wasa bai ƙare ba, sai an jefa ƙwaya, ana neman goma ko fiye. Na ɗauka na jefa. Ta gangara, ta bugi kofin shayi, ta tsaya. Uku! Uku fa, bayan duk wannan! Nafisa ta dafe kai ta ce ko a sake, ai kofi ya tare ta. Malam yana share ido da hannun riga ya ce doka doka ce, shi ma da ya ci lemarsa ba a mayar masa ba, kuma lema ba ta tayar da matacce. Sai Saratu ta fashe da dariyar nan tata, tana kuka tana riƙe ciki.

"A bar ta ta mutu, Nafisa. Ta ji abin da ta zo ji."

Ta rarrafo ta ɗora kanta a cinyata, mace mai 'ya'ya huɗu, na dafa kan ban san me ake cewa ba, sai na yi ta maimaita sunan kamar mai koyon magana. Bashir da Malam suka ƙarasa da Sarkin Fari, ni ban ma san yadda suka yi ba. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na sauka Makka.

Sai da aka kira magariba na waiga na ga kujera 'yar tsugunno babu kowa. Yaya Kulu ta shige ɗaki, ba ta ci tuwo ba, da safe kuma ta hau mota ko sallama ba ta yi mini ba. Wannan ɓangaren ba kwa ba da shi in kuna labari, don ba ku san shi ba. Saratu ta tafi Fatakwal, tana kira na a waya duk Juma'a, ta ce hutun farko Gusau za ta fara sauka. Na samu 'yata, yayata kuma ta daina ɗaukar wayata. Sau biyu ina zuwa Tsafe tana karɓa ta kamar baƙuwa, a kawo ruwa, a gaisa, a yi shiru. Wata bakwai muna haka, ni da matar da ta goya ni ta goya 'yata. Zuwa na uku na tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake, na zauna na sa hannu a tiren, na ce yau ba zan tashi ba sai ta faɗa mini laifina.

"Ke shida gare ki," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ni guda anka ba ni, ita ma aro. Abu ɗaya ne nawa ni kaɗai, in na buɗe baki na kira, ta san ni ce. Shi ma kin amshe, gaban idona, kan wasan gyaɗa."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma gaskiyarta ne. Na yi ta lissafin kunyata da ta Malam, ban lissafa ita ba. Na ce mata ban yi nadamar kiran ba, ba zan yi mata ƙarya ba, amma na yi nadamar da ban zo na nemi izininta ba, domin ita ta yi wahalar sunan shekara arba'in, ita ta kira shi a kan ƙyanda da zazzaɓi da ranar aure. Na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da tsintar wakenta, har na fid da rai. Can sai ta ja tsaki.

"Kuma ko iya faɗinsa ba ki yi ba. Kin wani ce 'Saratu' kamar malamar asibiti na kiran layi. Wa zai amsa wannan?"

"To ya ake faɗi?"

Ta ture tiren, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta fuskanci ƙofar gida kamar yarinyar tana can waje tana wasa, ta ja sunan, ta ɗaga tsakiyarsa sama ta sake shi a hankali. Ta ce haka take kiran ta tun tana shekara biyu, ko tana bakin kasuwa sai ta jiyo. Ta ce in yi. Na yi, ta ce na cika sauri. Na sake, ta ce yanzu kuma kamar mai tallar fura. Tsofaffi biyu a tsaye a tsakar gida muna ta kwala wa wadda ke Fatakwal kira, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Muka yi dariya har Yaya ta zauna a ƙasa. A karo na bakwai ko na takwas ta gyaɗa kai, ta ciro wayarta daga ɗaurin zane, ta latsa, ta miƙo mini. Ana ɗauka ban yi sallama ba, na ja sunan yadda aka koya mini.

"Na'am!" in ji Saratu, da sauri, kamar yarinyar da aka kama tana wasa. "Tsaya. Wai wace ce a cikinku?"

Yaya Kulu ta fizge wayar daga hannuna.

"Mu duka ne. Sai ki saba."